Tabo a Dardumar Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki duka. Yaya gwiwar taki? Kina shafa maganin kuwa, ko yana nan a kan taga yana shan ƙura? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin yi ƙorafi wai na rage kiranki a waya. Ai kin san dalili. In na kira, ke ce mai magana ni ce mai saurare, tun muna yara haka muke. A takarda kuwa babu mai katse ni, kuma yau ina da abin faɗa.

Na je gidan Auta. Gidan ya yi kyau, ba laifi. Mijinta kuma yaro ne mai kunya, malamin makaranta, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Kin tuna babbar dardumar ulun nan ja mai farin baki, wadda marigayi maigidana ya sayo wa falonmu tun kafin a haifi Auta? Ke shaida ce a kan yadda na riƙe ta. Ba a hawanta da takalmi, ba a cin abinci a kanta, ba a share ta sai an bi kwancin gashinta. In zan ba ta iska, a inuwa nake shimfiɗa ta, rana ba ta taɓa dukanta ba. Ƙullin kanumfari ba ya rabuwa da ƙarƙashinta saboda asu. Yarana duk a gefenta suka yi rarrafe. Da Auta za ta tare a gidanta, na naɗe ta da hannuna na ba ta, yayyenta har suna min ƙunƙuni. Falona yanzu tayil ne tsirara, in na yi tari sai ya amsa min.

To, ina shiga falon Auta sai na ga an juya dardumar, kai ya koma ƙafa, an kuma janye ta daga bakin taga. Na ji daɗi a raina, na ce ashe yarinyar nan tana jin magana. Da na tambaye ta, sai ta ce wai Mama ce ta ce a riƙa juya ta lokaci lokaci, kada gefe ɗaya ya sha taku da rana shi kaɗai ya koɗe. Na yi murmushi na ce ai kuwa na sha faɗa miki. Yaya, sai yarinyar nan ta dube ni ta ce, "A'a, Mama ta nan nake nufi."

Mama ta nan! Ni ke nan na zama Mama ta can.

Uwar mijinta ce. Gidanta na bayan layinsu, taku kaɗan. Tsohuwar malamar asibiti ce da ta ajiye aiki, 'ya'yanta duk maza, shi ya sa ta rungumi tawa kamar tsintuwa ta yi. Doguwa ce, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tayar da sauro daga barci. Komai nata sannu, ko zama za ta yi sai ta yi wa kujera sannu. Na sa mata suna Hajiya Sannu-Sannu, amma wannan tsakanina da ke ne.

Ina zaune ta shigo. Auta ta tashi da gudu ta karɓi jakarta, har da ɗora kai a kafaɗarta. Ni da na shigo, "Mama, sannu da zuwa" na samu daga bakin kicin. Ba su tsaya nan ba. Suka zauna a kan dardumar, suka miƙe ƙafa, aka kawo shayi. Shayi, Yaya, a kan dardumata! Ni ina kan kujera, bakina yana hira, idona yana kan kofuna. Aka yi sa'a ko rashin sa'a, ɗigo ya sauka. Kafin in yunƙura, matar nan ta zaro farin hankici, ta danna wurin ba tare da ta goga ba, ta sa aka kawo ruwan sanyi, ta riƙa bi daga gefen tabon zuwa tsakiya har ya ɓace.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne daidai ta yi. Da ta dirza ne, ko ta ce a kawo ruwan zafi, da na samu bakin magana. Auta kuwa ta saki baki tana kallonta kamar ta ga abin al'ajabi, har tana ce min wai in gani, Mama ta iya komai. Shekara da shekaru ina yin wannan a gaban idonta, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga kai ta kalla ba. Gaskiyar masu magana ce: ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Kada ki rubuto ki ce kishi nake. Abin da na gani ne na faɗa miki.

Ki gaishe min da maigidan da yaran. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa, Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Barkono (tunda kin ƙi barin sunan nan ya mutu)

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Yaya gida, yaya jikin, yaya ɗawainiyar jikoki? Allah Ya sa kowa yana lafiya.

Amsarki ta iso. Wai in gode wa Allah 'yata ta samu suruka mai sonta. Na gode, ai kullum cikin godiya nake. Amma mai godiya ma yana da ido. Saurari abin da ya biyo baya, sannan ki sake yi min wa'azi in kina da sauransa.

Kwanakin baya Auta ta ɗauke min ƙafa. In na kira, magana biyu ta ce za ta kwanta. In na ce zan zo, ta ce in bari, mura take fama da ita, kada in ɗauka. Na kira mijin, ya ce tana barci. Na sake kira, ya ce tana wanka. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauki mayafina da safe na tafi ba tare da na sanar da kowa ba.

Na same ta kwance a doguwar kujera, ta rame, leɓenta a bushe, idanunta sun faɗa. A gefenta ga kular abinci da ba tata ba, na kuma san ba daga gidana ta fito ba. Na taɓa goshinta, na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Sai da na juya zan zauna na lura ƙasan falon fayau yake. Babu darduma.

Na ce ina take? Ta ce an kai wanki. Na ce wane wanki, wa ya wanke? Ke kin san masu wankin nan, wanda bai san ulu ba sai ya kwarara mata ruwan zafi da garin sabulu, ya bi ta da buroshi mai ƙarfi, ta takure ta zama kamar buzu. Garin gyaran gira a rasa ido. Auta ta runtse ido ta ce shayi ne ya zube da yawa, Mama ta nan ta ɗauke ta za ta gyara. Tana faɗa hawaye na bin gefen fuskarta. Na ce ai dole ki yi kuka, tunda kin san abin da kuka yi. Na gaya mata tun ranar da na ga kofuna a kanta na san za a rina.

Ban ƙara zama ba, na zagaya bayan layi. Ƙofar gidan Hajiya a buɗe take. Ga dardumata can an kifa ta a kan wasu bencina a inuwar baranda, an kunna mata fanka, ita kuma matar tana tsaye da safar roba a hannu kamar za ta shiga ɗakin tiyata. Ta yi min maraba, ta ce a kawo min kujera. Na ce ba zama ya kawo ni ba, kayana na zo ɗauka. Na tare mai tasi a bakin titi, muka kama dardumar muka naɗe.

Ta biyo ni har bakin mota tana cewa, "Maman Auta, da kin bari ta bushe. Kuma da kin zauna mun yi magana." Na ce maganar da za a yi da ni ai an riga an gama ta ba ni. Sai ta kama gezar da ke jan ƙasa ta tura cikin mota, ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Kin san irin mutanen nan da in ka yi musu faɗa sai su bar ka da nauyin bakinka? Da ta rama da na fi samun sauƙi.

Dardumar tana nan a naɗe a lungun ɗakina, ko kallonta ba na son yi.

Ki duba min wannan lamari, Yaya. 'Yata ba ta da lafiya, wata ce ke dafa mata abinci, wata ce ke taɓa mata goshi, ni kuwa sai dai in ji a bakin waya cewa tana barci. Ko murar ce, ai ni na san murar Auta. Ni na san ba ta shan magani sai an tsaya a kanta, na san in zazzaɓi ya kama ta tafin ƙafarta ne ke fara sanyi. Wannan matar yaushe ta san ta? Jiya jiya. Ni na yi goyo, na yi raino, na yi tsayuwar asibiti da ta makaranta, da abu ya nuna sai wata ta miƙo hannu ta tsinka. Yanzu har abin da marigayi ya bar min sai an kai gidanta an shanya.

Kin ce ɗa na kowa ne. To, na kowa ne, amma ai wata ce ta yi naƙudarsa.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa ni a addu'a, kwana biyu kaina yana sarawa.

Taki,
Barkono

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki domin gaisuwa wajibi ce, ina kuma fatan kuna lafiya. Amma ki sani da fushi nake rubuta wannan, kuma har da ke a ciki.

Takardarki ta zo, layi kaɗan: wai in bar zancen darduma, in koma wurin Auta in zauna kusa da ita, in rage faɗa. Na yi mamakin yadda ba ki yi doguwar nasihar da kika saba ba. Yanzu na gane.

Da haushina ya ɗan sauka, na jawo dardumar tsakar falo na warware. Warin danshi ya fara tarbata. Jan rinin ya zuba ya shiga farin bakin nan ta gefe guda. Ni da nake gaya wa kowa ba a naɗe ulu da danshi, ni na yi da hannuna. Na haɗiye wannan, na nemi tabon shayin. Ta sama ba a ganinsa sosai saboda ja ce, sai wata inuwa mai duhu. Da na kifa ta kuwa, sai ga shi a bayanta, faffaɗa, ruwan ƙasa mai duhu, ya fi faranti girma nesa ba kusa ba. Na haɗa ruwan khal mai tsami da ruwan sanyi kamar yadda nake yi wa shayi, na danna, ko gezau. Na sake jiƙa farin ƙyalle na danne da tafin hannu. Da na ɗaga, sai na ga launin tsatsa. Na kai hanci.

Yaya, na raini yara, na wanke ƙyallen rauni da na haɓo ba adadi. Wannan ba shayi ba ne. Na zauna a ƙasa da ƙyallen a hannu.

Ina nan zaune aka yi sallama. Hajiya ce, da bokiti a hannu da fararen tawul a ninke. Ta ce ta san ban shanya ba, shi ya sa ta zo. Ta dubi dardumar, ta dubi fuskata, ta ajiye bokitin ta ce, "Kin gani ke nan." Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ba ni labarin da kowa ya sani ban da ni.

Auta ciki gare ta, ƙarami. Ta ɓoye ne wai sai ya yi ƙwari ta zo da kanta ta gaya min. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, mijin yana makaranta, ita kaɗai ce a gida. Ciwo ya murɗe ta a falo, ta kira wanda ya fi kusa. Cikin ya zube kafin su kai asibiti.

Ga abin da matar nan ta faɗa min, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ta ce, "Da na shiga, na tarar ta ja jiki ta sauka daga kan dardumar. Tana kwance a kan tayil mai sanyi, ta cire ɗankwalinta tana danna wurin, tana cewa, Mama za ta yi faɗa. Na ce ba zan yi faɗa ba, 'yata. Ta ce, ba ke ba."

Hajiya ta ce a asibiti ma da Auta ta farfaɗo, Mama take kira. Ta miƙa mata hannu, yarinyar ta riƙe gam, ta buɗe ido, da ta ga ko wace ce sai ta ce mata sannu da ƙoƙari, ta juya ta fuskanci bango. Hajiya ta ce min, "Ke kina jin haushina, na sani. To ni ranar na ji haushinki kamar in haɗiyi zuciya. Ni dariya ake kawo min, kuka kuwa ke ake ajiye wa." Da ta faɗi haka muryarta ba ƙasa-ƙasa take ba, ashe ita ma tana da wuta.

Na ce to me ya sa ba a kira ni ba? Ta ce Auta ce ta haɗa su da Allah, saboda hawan jinina. Ta ce ita ta so a faɗa min, sai Auta ta kira babbar yayata ta nemi shawara, aka ce a bari sai ta ji ƙarfi.

Babbar yayata. Ina da wata yayar ban da ke? Kina karanta takarduna ina ta haushi a kan shayi, kin san komai, kika bar ni na je na tsaya a kan yarinyar da ta rasa ɗanta ina yi mata faɗan kofuna. Da bakina na ce mata dole ta yi kuka. Wa zai ciro min wannan maganar daga kunnenta?

Kada ki zaci labarin Hajiya ya sanyaya min zuciya. Na ji tausayinta, gaskiya ne. Amma ita ce ta ɗauke ta daga ƙasa, ita ce ta riƙe hannun, ita ce ta durƙusa ta wanke jinin 'yata da ruwan sanyi da gishiri. Ko ba ita ake kira ba, ita ce a wurin. Ni aka kira, ina gida ina shara.

Kuma ki gaya min tsakaninki da Allah, na taɓa dukan yaro a kan dardumar nan? Faɗa ne kawai. Faɗa ai ba ya fasa jiki. Ni dai haka na ɗauka.

Mun shimfiɗa ta a inuwa mun bar ta. Na haɗa kayana a jaka, gidan Auta zan tafi, kuma ba ranar dawowa. Kada ki kira ni, ba zan ɗauka ba.

Ƙanwarki duk da haka,
Barkono

*

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gwiwa, yaya maigidan, yaya yaran? Na ga kiranki ba sau ɗaya ba. Na huce, amma ba duka ba, saura kaɗan na ajiye sai mun haɗu.

Auta tana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Ranar da na shiga da jakata, a gado na same ta. Ta ga fuskata ta san na sani. Na zauna a bakin gado, ta ja jiki ta kifa kanta a cinyata, ta yi kukan da har ya jiƙa min zane. Na riƙa shafa bayanta. Na so in ce wani abu a kan maganar da na faɗa mata, a maimakon haka sai na kama tafin ƙafarta na riƙa murzawa. Da sanyi kuwa, kamar yadda na sani. Da ta yi shiru ta ce, "Mama, dardumar fa?" Na ce ko ƙonewa ta yi ba ruwanki. Ta ɗago ta dube ni kamar an canja mata uwa.

Daga nan aka shiga wani sabon babi. Ni ina kwana a gidan, Hajiya kuma da sassafe take sallama. Na dafa, ta zo da nata a kula. Yarinyar nan sai ta ci cokali ɗaya a nan, ɗaya a can, tana kallon fuskokinmu kada wata ta ce an fi son na wata. In na buɗe taga don iska, Hajiya ta bi a hankali ta rufe wai sanyi. In ta sa mata filo biyu, in ta fita na zare ɗaya. Ta ce a sha magani kafin abinci, na ce 'yata ba ta shan magani da wofin ciki. Duk cikin fara'a muke yi, "sannu Hajiya", "sannu Maman Auta", kamar masu wasan 'yar tsana da 'yar tsana ɗaya. Mijin kuwa, bawan Allah, in ya dawo daga makaranta sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa kamar baƙo, ya yi mata sannu daga nesa, ya koma falo ya zauna da takardun ɗalibansa. Ba wanda ya tuna shi ma ɗa ya rasa, har uwar da ta haife shi.

Wata ranar da ba makaranta, muna tsaye a kanta muna gardamar ko ta yi wanka yanzu ko sai an jima, sai Auta ta tashi zaune. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ce, "Mama, Mama, don Allah ku je ku huta. Ina so in zauna da mijina."

Yaya, kora ce, ko da zuma aka shafa mata. Na ɗauki jakata, Hajiya ta ɗauki kularta, muka fito. A bakin ƙofar gida muka tsaya, kowa na jiran ɗaya ta fara tafiya, don kada wata ta faki ido ta koma. Muna nan tsaye sai muka ji ƙarar kofuna daga kicin, yaron ne ke haɗa mata shayi. Can sai ga dariyar Auta, ƙarama, irin wadda ba mu ji ba tun da abin ya faru. Duk girkinmu da filonmu ba wadda ta samo ta. Hajiya ta yi ƙwafa ta ce, "Ni na haifi yaron nan, ko ruwan zafi bai taɓa dafa min ba." Na ce ai ke da sauƙi, ni tawa a gabana ta zaɓi ɗan wani. Muka dubi juna, dariya ta kama mu, har mai shagon kusa yana leƙowa.

Tunda ba mu da wurin zuwa, sai muka wuce gidana muka durƙusa wa dardumar. Ruwan sanyi da gishiri, a danna da farin tawul, a ɗaga, a canja wuri, a sake. Ba gugawa, ba gaggawa. Ita ta kama tabon, ni na kama farin bakin da na ɓata. Mun yi ta zuwa a kai a kai, har jan ya ja baya, tabon ma ya dushe. Amma jini in ya kwana a ulu ba ya fita duka. Wanda bai sani ba ba zai gani ba, mu da muka sani kuwa da mun shigo nan idonmu ke sauka. Auta ta ce kada a mayar mata da ita tukuna, ba ta son ganinta. Ban yi musu ba. Hannun matar nan ya fi nawa sauƙi a kan ulu, wannan ke kaɗai na gaya wa, in kuma ya fita na san inda ya fito.

Jiya muna durƙushe, kai da kai, sai wayar Hajiya ta yi ƙara a jaka. Ta duba ta ce, "'Yata ce." Na ci gaba da danna tawul kamar ban ji ba. Ta saurara kaɗan, sai ta miƙo min, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta ce ni ake nema, wai tawa a kashe take. Na goge hannu a zane a hankali, na karɓa, na miƙe tsaye. Ba wata magana ba ce, tambaya take ko na sha maganin hawan jinina. Na ce na sha. Ta ce to sai anjima, ta kashe.

Ni kuwa ban sauke wayar ba. Na ci gaba da zagaya falon ina cewa, "Haba, 'yar albarka, ai ba sai kin damu ba. Ni ma ina kewarki. A'a, kada ki yi kuka, gobe ina nan tafe." Sai da na gaji don kaina na miƙa mata abarta. Ta karɓa, ta dubi fuskar wayar da ta daɗe da yin duhu, ta dube ni. Ta jefa ta cikin jaka, ta miƙo min busasshen tawul ta ce, "Goben in kin tashi tafiya ki biyo ta gidana, mu shiga tare."

Zan biya, ya zan yi. Amma ni zan fara yin sallama.

Ki gaishe min da maigidan da yara da jikoki. Ki shafa maganin gwiwar nan don Allah. Allah Ya mayar wa Auta da mafi alheri, Ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Barkono